Jituwar Sifa da Suna a Hausa da Italiyanci

A Hausa da Italiyanci, sifa kan jitu da sunan da take siffantawa ta fuskar jinsi da adadi. Maganar makanikan Apo a Abuja ta isa misali: sabon inji, sabuwar mota, sababbin injuna, sababbin motoci. Sunayen duka ararru ne, amma sun bi wannan doka. Sai dai a Hausa bambancin jinsi kan ɓace a jam'i. Italiyanci kuwa yana riƙe da shi: motore nuovo, macchina nuova, motori nuovi, macchine nuove. Ke nan, Bahaushe mai koyon Italiyanci ya san jituwa tun daga harshensa. Inda zai yi tuntuɓe shi ne bambanta namiji da mace a jam'i, kuma nan ne ya kamata malami ya fi mayar da hankali.