Labarin Rakka, Ƙungiyar Ƙwallon Da Ta Ci Sunan Mai Sayen Gyaɗa

Jama'a masu karatu, musamman ku na gabashin Kano, mutanen Gafasa da Ajingi da Gaya, yau labarin tamaula za mu ba ku. Kada dattijo ya ce wannan zancen yara ne ya ninke jarida, gama labarin daga gonar gyaɗa ya faro, gyaɗa kuwa dattawa suka san ta.

In ka tambayi samarin yanzu wace ƙungiya ce ta fara ɗauko wa Kano kambin gasar ƙwallo ta Nijeriya, baki ɗaya za su amsa maka, Pillars, Sai Masu Gida. To, ba haka ba ne. Shekara 30 cif kafin Pillars ta yi wannan bajinta, wata ƙungiya ta riga ta yi. Sunanta Raccah Rovers, Kanawa kuwa Rakka suke ce mata. Yau ba ta cikin manyan ƙungiyoyin ƙasa, sunanta ma sai a bakin masu furfura.

Shi wannan suna na wani attajiri ne, Saul Raccah, Bayahude, mutumin Tarabulus ta ƙasar Libiya, wanda ya zauna Kano yana ciniki a zamanin Turawa. Zuwan mutumin Tarabulus Kano ba baƙon abu ba ne. Tun kafin a san jirgin ƙasa ayarin raƙuma ke ratsa Sahara tsakanin garuruwan nan biyu, har Larabawan da ke wannan fatauci suka yi unguwa tasu cikin birni. Amma shi Raccah a kan gyaɗa ya yi suna.

Ga yadda abin ya kasance. Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano. Turawa auduga suka sa wa rai, don masaƙun Ingila. Manomi kuwa ya yi nasa lissafi, ya ga gyaɗa ta fi biya, ba ta wahalar da ƙasa, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cinta, auduga kuwa ba mai tuƙa tuwo da ita. Daga kakar 1912 sai gyaɗa ta yi ta kwararowa Kano a bisa jakai da raƙuma da takarkarai, daga baya kuma a motoci, har tashar jirgi ta rasa inda za ta sa ta. Daga nan aka shiga jera buhuna sama da sama, aka sami dalar gyaɗa, wadda ba a ambatonta sai an ambaci Alhaji Alhassan Ɗantata. Gyaɗar ƙasar Gaya, wadda ke bi ta Wudil ta haye kogi, tana cikin buhunan nan. Masu tarihi sun ce maƙeran Gaya ne suka fara zama a gindin dutsen Dala. Ashe ita ma dala ta biyu da hannun mutanen Gaya a ciki.

Manyan kamfanonin Turawa, irin su U.A.C. da John Holt, sun kasance sukan haɗa baki a kan kuɗin da za su sayi kaya, don kada su yi wa juna tsada. Cikin shekarun 1930 Raccah ya shiga fitar da gyaɗa zuwa Turai da kansa, ya yi gogayya da su, har suka san da zamansa. Duk manomin da ya taɓa tsayawa gaban sikeli ya san amfanin mai saye na biyu. Sunan wannan gidan ciniki ne ƙungiyar ƙwallon ta ɗauka.

Kafin Rakka ta taso, Kano ta riga ta ɗanɗana nasara. Cikin 1945 aka soma gasar Kofin Gwamna a Ikko, zamanin Gwamna Richards, da fari kuwa ƙungiyoyin Ikko ne kaɗai ke yinta. Cikin 1953 'yan wasan Kano suka ci Lagos Dynamos biyu da ɗaya a wasan ƙarshe, suka zo da kofin gida, su ne na fari daga Arewa. Tsakanin Kano da Ikko kuwa tafiyar wajen mil 700 ce a jirgin ƙasa. Da shekara ta kewayo suka sake kaiwa wasan ƙarshe, Kalaba ta kāshe su.

Gasar ƙasa ta zagaye, watau wadda kowace ƙungiya ke karawa da 'yan'uwanta a tara maki, sai cikin 1972 aka kafa ta. Mighty Jets ta Jos ta ci ta farko. Daga nan abin ya koma kudu ya zauna: Bendel Insurance ta Binin, da Rangers ta Inugu har sau uku, da I.I.C.C. ta Badun. Su ne giwayen lokacin, a cikinsu ake zaɓen yawancin 'yan wasan ƙasa. Cikin 1977 Rakka ta ratsa tsakaninsu ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale, wanda shi ne Kofin Gwamna na dā aka sāke masa suna, amma kofin ya tafi Badun. Cikin 1978 kuwa ba wanda ya tare mata hanya, ta gama gasar zagaye tana bisa kowa.

A wannan shekara ce aka yi abin da tsofaffin 'yan kallo ba su gajiya da faɗi. Ƙungiyar Fluminense ta birnin Rio a ƙasar Birazil ta kawo ziyara Nijeriya, Pele kuma yana ƙasar. Shi ne wanda ya ci Kofin Duniya sau uku, cikin 1958 da 1962 da 1970, ya kuma riga ya aje wasa tun Oktoban 1977. Duk da haka aka shawo kansa ya ɗaura takalmi. A Ikko rigar Nijeriya ya sa. Ran 26 ga Afrilu kuwa, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, ya sa rigar Fluminense, abokan karawarsu kuma Rakka ce. Baƙi suka ci biyu da ɗaya. Kai, jama'a! Mutum ya ce ya taɓa tare Pele a fili, a ce masa a ina, ya ce a Kaduna. Ana iya ɗaukarsa mai shaci-faɗi, alhali kuwa gaskiya ya faɗa, mutanen Birazil ma sun rubuta ranar a tarihin ƙungiyarsu.

Cikin 1979 Rakka ta wakilci Nijeriya a gasar zakarun Afirka, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, inda U.S. Gorée ta ƙasar Sanigal ta fitar da ita. Cikin Maris na 1980, sa'ad da Nijeriya ta ci Aljeriya uku da babu a Ikko ta ɗauki Kofin Afirka karo na fari, akwai ɗan Rakka cikin tawagar, Shefiu Mohammed.

Amma fa a lokacin da ake wannan shagali, gyaɗar da ta ɗaukaka sunan Raccah ta riga ta kwanta. Farin 1973 ya ƙone gonaki, cikin 1975 kuma wata cuta da ƙananan ƙwari ke yaɗawa ta tsugunar da gyaɗa a faɗin Arewa, ganye ya nannaɗe, ba 'ya'ya. Kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga noma. Filayen dala suka zama fili fetal. Watau dai ƙungiyar ta hau ƙololuwa ne bayan sana'ar da ta ba ta suna ta faɗi.

Cikin shekarun 1980 kasuwar fetur ita ma ta karye, gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, kamfanoni suka shiga rage ma'aikata. Riƙon ƙungiyar ƙwallo kuwa ba ƙaramin nauyi ba ne. Ga albashi, ga mota daga Kano zuwa Fatakwal ko Kalaba, ga masauki da abinci da magani, kuɗin ƙofa kuwa ba ya ɗaukar wannan kaya. Kafin 1990 an daina jin ɗuriyar Rakka cikin manya. Ba ita kaɗai ba ce. Leventis United ta Badun, wadda ta ci gasar ƙasa cikin 1986, da Abiola Babes ta Abekuta, wadda ta ci kofi cikin 1985 da 1987, duk masu su suka janye hannu suka watse, suna kan ganiyarsu.

A ganinmu aibin yana wajen kafi. Ƙungiya ce dubban mutane ke so, suna cika fili dominta, suna faɗa a kanta a teburin mai shayi, amma ba su da ko anini a cikinta, ba su da bakin magana ran da za a rufe ta. Samarin ƙauye da ke tara kuɗin riga da ƙwallo a tsakaninsu, su share fili a bayan makaranta bayan an girbe gero, sun fi ta tsayayyen tushe, ko da ba su taɓa haye Wudil da sunan wasa ba. In ɗaya ya tafi ci-rani, ƙanensa ya gaji rigar.

Cikin 1990 aka haɗa ƙungiyoyi uku, da ta hukumar ruwa ta WRECA, da Golden Stars, da ta Bank of the North, aka kafa Kano Pillars, Alhaji Ibrahim Galadima na kan gaba cikin masu wannan aiki. Ita gwamnatin jiha ce ke ɗauke da ita. Wannan ya fi aljihun mutum ɗaya zurfi, ko da yake shi ma yana da nasa ciwon, gama ƙungiya takan yi ƙiba ko ta rame gwargwadon sha'awar wanda ke kan mulki. Pillars ta ci gasar ƙasa cikin 2008, sa'an nan ta jera uku, 2012 da 2013 da 2014. Cikin 2022 ta faɗa rukuni na biyu, ta komo cikin 2023.

Shi kuwa tsohon Kofin Gwamna, wanda Rakka ta kai bakinsa ba ta sha ba, sai cikin Yulin 2019 ya sake zuwa Kano, shekara 66 bayan na 1953. Pillars ta ci Niger Tornadoes ta Minna da bugun daga kai sai mai tsaron gida, huɗu da uku. A filin Ahmadu Bello na Kaduna aka yi wasan, kyaftin ɗin Pillars kuwa Rabi'u Ali ne, wanda Kanawa ke yi wa laƙabi da Pele.