Wayar Ofis Ta Koma Kan Intanet: Me Ya Jawo, Me Ya Biyo Baya

A ofisoshi da dama a Kano da Kaduna da Abuja, wayar tebur ta dawo, amma ba irin ta zamanin NITEL ba ce. Juya bayanta ka gani: igiyar da ke maƙale da ita irin wadda ake soka wa kwamfuta ce. Ana daddatsa muryar mai magana gutsure-gutsure, ta bi hanyar da imel ke bi, can a wancan gefen a sake harhaɗa ta. Masu sana'ar suna ce wa tsarin VoIP.

A Ingila tilas ce ta kora kamfanoni zuwa gare shi, domin an tsayar da Janairun 2027 don rufe tsohon layin waya. Namu dalilin daban ne. Kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, don haka yawancin 'yan kasuwarmu ba su taɓa mallakar wayar ofis ba. Da salula ta zo, sai ciniki ya hau kan lambar ma'aikaci. Duk mai dillanci a Kantin Kwari ya san ƙarshen wannan: ranar da yaronka ya bar ka, da layinsa zai tafi, abokan cinikin da ka shekara goma kana tarawa kuma shi za su ci gaba da kira. A ganina wannan ciwon, fiye da rage kuɗin kati, shi ne ke sa masu kamfani neman lamba ɗaya tasu ta kansu, mai rassa, wadda ke ajiye tarihin kowane kira.

Hanyar ta samu ne bayan 2010, shekarar da igiyoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki daga Legas, intanet ya ƙara yawa. Manhaja kamar Asterisk, wadda ake samu kyauta tun 1999, tana mayar da kwamfuta guda ta zama cibiyar rarraba kira. Reshen Sakkwato ya danna lamba uku ya samu hedikwata a Legas, ba ko sisin kati.

Sai dai murya ba ta da haƙurin da imel ke da shi. Saƙo ya makara daƙiƙa biyar, babu mai lura. Magana kuwa, Hukumar Sadarwa ta Duniya ta ba da shawarar kada jinkirinta ya wuce kashi 150 cikin dubu na daƙiƙa. Idan ba a saita na'urar rarraba intanet ta fifita murya ba, wani a ɗakin akawu ya fara sauke bidiyo, sai ka ji manaja yana ta "Alhaji, kana ji na? Alhaji?" har mai saye ya gaji ya kashe.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Tsohuwar wayar tangaraho daga cibiyar waya take samun lantarkinta, ko an ɗauke wutar gari tana aiki. Wannan kuwa da wutar ofis take rayuwa. A Oktoban 2024 da Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu, duk kamfanin da man janaretonsa ya ƙare, wayarsa ta mutu tare da kwamfutocinsa. A ranar 14 ga Maris na shekarar, igiyoyin teku huɗu sun lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya yi ta tangal-tangal daga Ghana zuwa Najeriya. Wanda cibiyar kiransa ke ajiye a wata na'ura a Turai, ranar ko hanyar ba abokan ciniki haƙuri bai samu ba.

Ga kuma ɓarayi. Suna laluben tsarin da aka bari da kalmar sirrin da ya zo da ita daga masana'anta, su kwana suna buga kira zuwa ƙasashen waje, lissafi ya faɗo kan mai ofis a ƙarshen wata.

Duk da haka ina goyon bayan sauyin, muddin an saka kuɗin batiri ko sola na na'urorin sadarwa cikin lissafi tun farko, an ɗauki intanet daga kamfani biyu, an kuma ajiye layin salula guda wanda kira zai karkata kansa da zarar babban layi ya ɗauke.