Yadda cajin laptop zai kai yamma a Sabon Birni da Isa

A Sabon Birni da Isa, wutar Kaduna Electric ba abin dogaro ba ce. Ɗalibi ko mai shagon buga takardu yakan kai laptop ɗinsa wurin masu caji da janareta ko sola, ya biya, sannan ya lallaɓa cajin har dare. Wanda bai gyara saitin kwamfutarsa ba, kuɗinsa ne ke zurarewa.

Fuskar kwamfuta ce kan gaba wajen shan batir. Rage haskenta zuwa rabi a cikin ɗaki ya fi kowace dabara tasiri. Sai Battery saver na Windows 10, wanda sabon Windows 11 ke kira Energy saver: yana kama aiki da kansa idan caji ya yi ƙasa, amma ba sai an jira ba, ana iya kunna shi tun batir na cike. Inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, barin Wi-Fi da Bluetooth a kunne asara ce kawai. Mai jona intanet daga wayarsa kuma ya saita layin a matsayin Metered connection, don kada Windows ya riƙa sauke manyan sabuntawa a ɓoye, ya cinye data da caji tare. Idan za a tashi na sa'o'i, Hibernate ya fi Sleep, domin Sleep na ci gaba da tsotsar batir a hankali.

Akwai shawarar da ake yawan bayarwa: a tsayar da caji a kashi 80, kamar yadda manhajojin ASUS da Dell ke ba da dama. Tana tsawaita rayuwar batir, gaskiya ne, amma ta fi dacewa da wanda kwamfutarsa ke jone da wuta wuni guda. Wanda ke biyan kuɗin caji sau ɗaya a rana, ya cika shi dam.

Abin da ya fi lalata batir a ƙasar Gobir zafi ne. A watan Afrilu yakan haura digiri 40, kuma batirin lithium na saurin tsufa a irin wannan yanayi. Ɗora laptop kan katifa yana toshe hanyar iskarsa, ƙurar hunturu ma haka.

Mai sayen ta hannu a kasuwar Sakkwato ya buɗe Command Prompt ya rubuta powercfg /batteryreport kafin ya biya. Rahoton zai nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage masa. Idan ya faɗi ƙasa da rabi, a cire kuɗin sabon batir daga ciniki.