Rarraba Bayanan Ciniki Shafi-Shafi: Abin Da Ya Kamata Fataken Citta Su Sani Kafin Su Biya Kuɗin Manhaja

KAFANCAN — Duk ɗan kasuwar da ya taɓa riƙe littafin sito ya san ba a karance shi a zama guda. Akan buɗe shafin da ake bukata, a duba, a rufe. Wannan tsohuwar ɗabi'a ta akawu tana cikin ma'aunan da ake gane ingancin manhajar ajiye lissafin ciniki ta intanet da su. Rashin kula da ita yana jawo ɓata lokaci da kuɗin data, har ma da biyan mutum ɗaya sau biyu.

Al'amarin ya fi shafar sana'o'in da ke hulɗa da ɗimbin ƙananan masu kawo kaya, kamar cinikin citta a kudancin Jihar Kaduna. Daga wannan yanki, musamman ƙananan hukumomin Kaciya da Jaba da Kagarko da Jama'a, akasarin cittar Nijeriya ke fitowa. Kafancan kuwa, wadda ta bunƙasa a matsayin mahaɗar layin dogo tun 1927, tana cikin garuruwan da ake tara kayan kafin a loda su zuwa Kano ko Legas. Falke guda yakan sayi buhu biyu a hannun wannan, biyar a hannun wancan, ta hannun wakilai a kasuwanni daban-daban, kuma kowane ciniki layi ne a littafi. Tun bayan annobar da ta afka wa gonakin citta a daminar 2023, wadda ta sa iri ya yi ƙaranci, farashi ya tashi, kuskuren layi ɗaya ba ƙaramar asara ba ce.

Yadda aikin yake gudana

Manhajar irin wannan tana da sassa uku. Na farko shi ne waya ko kwamfutar da ke gaban akawu. Na biyu ita ce babbar kwamfutar da manhajar ke zaune a kanta, wadda ake kira uwar garke, kuma tana iya kasancewa a Legas ko a wata ƙasa. Na uku shi ne rumbun bayanai, inda ake ajiye kowane rasit da sunan mai kaya da nauyi da farashi. Idan akawu ya nemi jerin rasit, wayarsa tana aika saƙo ga uwar garke, ita kuma ta tambayi rumbu da harshen da ake kira SQL, wanda aka ƙirƙira a kamfanin IBM a shekarun 1970, sannan ta shirya amsar ta turo.

A ɗauka wani sito ya tara rasit 12,000 a kaka biyu, kowane layi kuma yana ɗauke da kimanin rabin kilobayit. In ba a yi wani tsari ba, duk lokacin da aka buɗe jerin sai an turo megabayit 6, alhali layi 50 da akawu zai iya dubawa ba su wuce kilobayit 25 ba. A ƙauyen da sabis ke da rauni, wakili zai daɗe yana jira, wataƙila ma shafin ya ƙi buɗewa. Ga shi kuma kuɗin data ya ƙaru, domin a Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100.

Maganin shi ne a yanka jerin shafi-shafi tun daga rumbu. Wannan batu yana da muhimmanci, domin wasu masu rubuta manhaja sukan turo dukkan bayanan zuwa waya, sannan su ɓoye sauran su nuna 50 kawai. A ido shafuka ne, amma nauyin da kuɗin duk suna nan.

Hanya ta farko: tsallake da ɗiba

Hanyar da aka fi amfani da ita tana bukatar lambobi biyu: yawan layin da za a ɗiba, da yawan wanda za a tsallake. A rumbunan MySQL da PostgreSQL ana rubuta su da umarnin LIMIT da OFFSET. Rumbun SQL Server na kamfanin Microsoft ya sami irin wannan umarni a fitowarsa ta 2012, na Oracle kuma a 2013.

Lissafin ba shi da wuya. Idan kowane shafi yana ɗaukar layi 50, rasit 12,000 za su ba da shafi 240. Mai neman shafi na 7 za a tsallake masa shafuka shida, wato layi 300, a ɗebo daga na 301 zuwa na 350. Domin a rubuta “shafi na 7 cikin 240” a ƙasa, sai uwar garke ta yi wa rumbu tambaya ta biyu, ta ƙidaya dukkan layukan.

Sharaɗi na farko shi ne a faɗa wa rumbu tsarin jerawa. Rumbu bai yi alkawarin kawo layuka a jere ba sai an umarce shi. Kwanan wata kaɗai bai isa ba, domin a ranar kasuwar Kwoi ana iya rubuta rasit masu yawa da kwanan wata ɗaya, kuma rumbu yana iya sauya matsayinsu daga tambaya zuwa tambaya. Dole a haɗa da abin da ba ya maimaituwa, kamar lambar rasit.

Inda kuɗi ke zurarewa

Wannan hanya tana da aibu biyu. Na farko, rumbu ba ya tsallake layuka a kyauta: sai ya bi ta kansu ya zubar. Kafin ya kawo shafi na 240 sai ya ratsa layi 11,950. A ƙaramin sito ba za a lura ba, amma a banki ko babbar ƙungiyar gama-kai mai miliyoyin layuka, shafukan ƙarshe sukan yi nauyi ƙwarai.

Aibu na biyu shi ne ya fi taɓa aljihu. A ɗauka akawu a Kafancan yana biyan masu kaya daga jerin da ke fara nuna sabon rasit. Yana kan shafi na ɗaya, sai wakili a Kaciya ya shigar da sababbin rasit uku. Da akawu ya matsa zuwa shafi na biyu, sunaye uku na ƙarshen shafin farko za su sake bayyana a sama, domin sababbin sun turo su ƙasa. In bai farga ba, ya biya su sau biyu.

Akasin haka ma yana faruwa. Idan jerin na waɗanda ba a biya ba ne kawai, kuma duk wanda aka biya yana fita daga ciki, to da akawu ya sallami mutum 50 na farko ya nemi shafi na biyu, rumbu zai tsallake 50 daga waɗanda suka rage. Mutanen da suke na 51 zuwa na 100 ba za su bayyana ba sam. Manomi zai zo da rasit a hannu, akawu kuwa ya rantse bai ga sunansa ba, alhali babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Hanya ta biyu: ci gaba daga inda aka tsaya

Hanya ta biyu tana kama da sanya tsinke a littafi. Maimakon a ƙidaya layukan da za a tsallake, manhaja tana riƙe lambar rasit na ƙarshe da aka gani. Shafin farko ya nuna daga lamba 12,000 zuwa 11,951. Don shafi na gaba sai a ce wa rumbu ya kawo 50 daga waɗanda lambarsu ta gaza 11,951. Ko wakilai sun ƙara rasit ɗari a tsakani, babu abin da zai motsa. Idan kuma an yi wa lambar rasit fihirisa a rumbu, zai je wurin kai tsaye, saurin shafi na 240 ya zama daidai da na farko.

Ita ma tana da iyaka: ba a iya tsallakawa zuwa shafi na 173 kai tsaye, sai dai gaba ko baya. Don haka hanya ta farko ta dace da jerin da ba ya yawan sauyawa, kamar rahoton kakar da ta wuce, ta biyu kuma ta fi dacewa da jerin biyan kuɗi da ake shigar da sababbin abubuwa a cikinsa kowane lokaci. A kowane hali, manhajar kirki tana ƙin biyan rasit ɗaya sau biyu ko da ya bayyana sau biyu.

Akwai kuma salon da jerin ke ci gaba da zubowa yayin da ake jan allo, kamar a Facebook. Ya dace da kallon hotuna, amma a lissafi yana hana mutum sanin inda ya tsaya. Kamfanin Google ya gwada shi a sakamakon bincike daga 2021, ya janye shi a 2024.

Jimla da tsaro

Wani kuskuren da ake yawan yi shi ne jimlar da ke ƙasan shafi. Idan an tara ta daga layi 50 da ke gaban ido kawai, mai sito zai ɗauka bashin da ke kansa ke nan, alhali akwai sauran shafi 239. Ya kamata a nuna jimla biyu da suna a fili: ta wannan shafi, da ta dukkan jerin, wadda rumbu da kansa ya lissafa. Haka nan neman suna dole ya ratsa dukkan rumbu, ba shafin da ke buɗe kaɗai ba.

Ta fuskar tsaro, lambar shafi da yawan layuka sukan bayyana a adireshin shafin, inda kowa zai iya sauya su. Idan uwar garke ba ta sa iyaka ba, wani zai iya mayar da 50 ta koma 50,000, ya kwashe sunayen manoma da lambobin wayarsu da na asusunsu a lokaci guda. Idan kuma ba ta tantance cewa abin da aka rubuta lamba ce zalla ba, ɓarawo yana iya cusa wa rumbu nasa umarnin. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Nijeriya, wadda aka sanya wa hannu a Yunin 2023, ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan wanda ya tara su.

Kafin a biya

Ɗan kasuwa ba ya bukatar iya rubuta manhaja kafin ya gwada ta. Ya nemi a zuba mata layukan gwaji 20,000, domin da layi 30 kowace manhaja tana gudu. Ya buɗe ta a wayar wakili a ƙauye, ya duba shafin farko da na ƙarshe. Ya sa mutum ɗaya ya shigar da rasit yayin da wani ke juya shafi, ya ga ko suna zai maimaitu ko ya ɓace. Ya kwatanta jimlar manhaja da ta littafi. Sannan ya sa a rubuta waɗannan sharuɗɗa a takardar yarjejeniya.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan gwaji shi ne damina, kafin a fara haƙar citta a wajajen Oktoba da Nuwamba, sito ya cika, masu kaya su yi layi a ƙofa. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.