Satar amsa a ajin cututtukan huhu: ga yadda dokar take

Ina koyar da darasin cututtukan numfashi a wata kwalejin kiwon lafiya a Ibadan, kuma kusan duk zango sai wani uba daga Sabo ya zo roƙo a kan ɗansa. To, jama'a, bari in yi bayani.

Ɗalibin da bai halarci kashi 75 cikin 100 na lacca ba, ba ya zama jarrabawa. In jinya ce ko rasuwa ta kai shi Arewa, ya kawo takarda da wuri.

Satar amsa kuwa ba ɓoye takarda cikin safa kaɗai ba ce. Kwafar aikin aboki, ɗebo rubutu daga intanet, sa wa wani hannu a rajista, duk suna iya jawo dakatarwa ko kora.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ƙarya a littafin aikin asibiti. Yaro bai saurari ƙirjin majinyaci ba, amma ya rubuta huhu lafiya lau. Gobe shi za a kawo wa wanda ya haura mako 2 yana tari, ya sallame shi da maganin mura, alhali tarin fuka ne mai buƙatar gwajin kaki da maganin wata 6.