Waƙa da Mulki a Bayan Ganuwar Kano

Ranar 8 ga Agusta, 1950, wasu matasa takwas suka haɗu a Sabon Garin Kano suka kafa jam'iyyar NEPU, cikinsu har da Abba Maikwaru na Fagge. Ba banza ba abin ya tsiro a bayan ganuwa. Fagge zangon fatake ne tun zamanin ayari, Sabon Gari kuma masaukin baƙin da jirgin ƙasa ya kawo. Kunnen mutanen waje ya saba da sabon zance, idon fada kuma bai kai musu yadda ya kai cikin birni ba.

Sai dai a wancan lokaci taron siyasa sai da izinin En'e, masu karatun boko kuma 'yan kaɗan ne. Nan waƙa ta yi rana, domin ita ba ta neman izinin kowa. A rera ta a dandali da dare, washegari tela na maimaita ta a bakin keke, ɗan dako ya shiga da ita kasuwa. Ta wannan hanya talaka ya ji cewa jangali da aikin tilas tsari ne na mutane, ana iya sauya shi. Har muhawara aka yi da baitoci: Sa'adu Zungur ya rubuta "Arewa Jumhuriya ko Mulukiya", Mudi Sipikin ya mayar masa da "Arewa Jumhuriya Kawai". Jam'iyyar NPC kuwa, abokiyar hamayyar NEPU, ta jingina da makaɗan fada irin su Sarkin Taushin Katsina, masu wasa Sardauna.

Yau sitidiyo da wayar hannu sun gaji dandali. "Masu Gudu Su Gudu" ta Rarara ta karaɗe Arewa a zaɓen 2015, amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin waƙoƙin yanzu ɗan takara suke tallatawa, aƙida sai an tona. Mawaƙi ya koma ɗan kwangila.

Duk da haka masu mulki ba su daina shakkar waƙar da ba su saya ba. A 2009 aka tsare Aminu Ala kan "Hasbunallahu", waƙar da ko sunan wani jami'i ba ta kama ba. A 2019, lokacin da gwamnatin Ganduje ke takun-saƙa da Sarki Sanusi, aka sake kama shi, aka kama Naziru Sarkin Waƙa, bisa zargin sakin waƙoƙi ba da izinin Hukumar Tace Fina-finai ba.