Me Ya Sa Wata Goruba Take Yin Ƴaƴa, Wata Ba Ta Yi?

A lambunan bakin kogi na Yantala, cikin birnin Yamai, akan ga goruba biyu tsaye kusa da juna, ɗaya ta cika da ƴaƴa, ɗaya kuwa ba ko ƙwara. Sau da yawa mai lambu yakan ce wadda ba ta haihuwa ba ta da amfani, sai ya ɗauko gatari. Wannan kuskure ne, kuma yana jawo hasara.

Goruba tana da mace da namiji, kowanne itacensa dabam. Haka giginya, haka dabino. Namijin yana yin fure, amma ba ya yin ƴaƴa har abada. Aikinsa shi ne ba da garin fure, wanda iska da ƙwari suke kai wa furen mace. Idan aka sare mazan da ke kusa, macen za ta yi fure kamar kullum, sai dai yawancinsa ya zube, ko ƴaƴan su ƙi cika. Manoman dabino na Ingal da duwatsun Abzin sun daɗe da sanin haka. Shi ya sa suke yanko furen namiji da hannunsu, su ɗaura shi cikin na mace.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa

Ruwan saman da ake samu a Yamai bai cika wuce milimita 600 a shekara ba, kuma yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Goruba kuwa galibi da rani take fure, lokacin da ba a samun ko ɗigo. To, daga ina take sha? Daga ƙarƙashin ƙasa, domin saiwarta tana nitsawa ta nemi laima. Saboda haka ne ta fi yawa a fadamu da tsofaffin gulabe, kamar Gulbin Kaba a jihar Maraɗi.

A nan Yantala ta yi sa'a. Kogin Isa yana cika sau biyu a Yamai: da damina, sannan kuma wajen Disamba da Janairu, sa'ad da ruwan da ya taso daga duwatsun ƙasar Gini ya iso. Wannan cika ta biyu tana riƙe laima a ƙasar bakin kogi kafin zafin bazara. Itacen da ke can tudu ba ya samun wannan gata. In damina ta yi ƙaranci, kamar farin 1973 da na 1984, ruwan ƙasa yakan yi nisa, fure ya ragu, ƴaƴa su ƙanƙance.

Ko wane ɗan wannan dangi da yanayin da yake so. Dabino yana bukatar zafi marar laima lokacin nuna. In ruwan sama ya same shi yana nuna, sai ya tsage ya ruɓe. Akwai kuma wani danginsu mai hawa bisa itatuwa, wanda ake kira ratan, da shi ake saƙa kujeru. A kurmin kudancin Nijeriya da Kamaru yake fitowa, inda ruwa ba ya yankewa. Wani irinsa sau ɗaya tak karansa yake fure, ya yi ƴaƴa, ya mutu.

Yankan kaba

Abin da ya fi fari cutar da goruba shi ne wuƙa. Kabar da ake saƙa tabarma da faifai da igiya, ganyen ƙaramar goruba ce. Idan ana yanke ta duk sa'ad da ta toho, ko awaki suna cinye ta, ba za ta yi gangar jiki ba, balle ta yi fure. Sai ta dawwama a ƙasa shekara da shekaru. Alhali in an bar ta, kuma tana samun ruwa, tana iya fara haihuwa cikin shekara 6 zuwa 8. Giginya ta fi haka jinkiri ƙwarai.

Ba a ce a daina saƙa ba, domin da ita mata da yawa suke ciyar da gida. Amma a kowane gindin kaba, zaɓi toho ɗaya ko biyu masu ƙarfi, ka sa musu alama, ka kewaye su da ƙaya, ka riƙa yanka daga sauran. Kada ka taɓa ƙoƙon tsakiya, nan ne rayuwar itacen take. Kada kuma ka ƙona shara a gindinsa lokacin fure.

Goruba da giginya suna cikin itatuwan da doka ta kare a Nijar. Kafin ka sare ko da namiji ne, sai ka nemi izinin ma'aikatan gandun daji.